Jirgin da Na Ba da Aro a Santambul

Ban taɓa zaton aikin fito zai kai ni ƙasar Turkiyya ba. Na tsufa a kan ruwan fadamar Haɗeja, a wani ƙauye gefen Kirikasamma, ina tsallakar da mutane da awaki da buhunan shinkafa idan kogi ya cika. Karatuna na allo ne, sai ɗan boko na yaƙi da jahilci, wanda da shi nake wannan rubutu. Wanda ya kai ni kuwa Yohanna ne, ɗan marigayi Malam Bulus, malamin firamaren da ke tsallaken ƙauyenmu. Malam Bulus mutumin kudancin Kaduna ne, aiki ya kawo shi wurinmu, ya zauna har ya zama namu.

Yohanna ya gaya mini a waya cewa shi da abokan aikinsa suna haɗa wani wasa na kwamfuta, irin wanda mutane da yawa ke shiga a lokaci guda daga ƙasashe daban-daban, kuma a fadamarmu suka kafa shi. Sun zana ruwa, sun zana bado da ciyawar kacala, amma duk mutumin da suka zana yana tuƙa jirgi sai ya fito kamar mai dakan gero. Suna neman wanda ya iya, a ɗauki motsin jikinsa. Na ce to a zo a ɗauka a nan mana. Ya ce na'urar ba ta tafiya, ni zan tafi.

Na sauka a Santambul cikin wani sanyi da ban san akwai irinsa ba. Cunkoson motoci ya tsare Yohanna a hanya, ni kuma ban iya jira ba. Wani mutum ya yi mini sallama da Larabci mai kyau, ya karɓi jakata, na bi shi zuwa motarsa kamar tunkiya. Na nuna masa sunan unguwar, ya gyaɗa kai. Ya yi ta zagaye da ni har na gane wani masallaci da muka riga muka wuce, sannan ya sauke ni a inda ba nan ba ne, ya karɓi abin da ya ga dama daga hannuna. Baƙo ko da ido makaho ne. Wata tsohuwa mai sayar da burodi a bakin titi ce ta ga ina rawar sanyi, ta zaunar da ni a kujerarta, ta kira Yohanna da wayarta. Da ya iso ya durƙusa ya gaishe ni a kan titin nan, kamar yadda uwarsa ta koya masa, sannan ya miƙe ya yi mini faɗa kamar shi ya haife ni.

Ɗakinsa yana can saman wani dogon bene. Idan na leƙa taga sai in ga kan tsuntsaye maimakon cikinsu. Da safe burodi da zaitun da wani cuku mai gishiri, da rana ma kusan haka. Na yi kewar tuwon shinkafa da miyar kuka, na yi kewar ƙaurin kifin da matata ke bandawa a bayan ɗaki, har kukan kwaɗi na yi kewa. Abu ɗaya ya riƙe ni, kiran salla. Ban ji harshen kowa a garin ba, amma ladan yana ɗaga murya sai in ji kamar an kira ni da sunana. Ranar Juma'a Yohanna yakan raka ni har ƙofar masallaci, ya zauna a shagon mai shayi ya jira ni, kamar yadda nakan jira ubansa a bakin ruwa ranar Lahadi idan ya tafi coci.

A wurin aikin suka kawo mini wata baƙar riga mai manne jiki daga wuya har idon sawu, an liƙa mata 'yan farare ƙwallaye kamar ƙwan zabuwa. Na ce ba zan sa ba. Akwai mata biyu a ɗakin, kuma ni ina da jikoki.

"Baba, ba wanda zai gan ka a Kirikasamma," in ji Yohanna.

"Wanda ke gani a Kirikasamma yana gani a nan ma."

A ƙarshe aka sa labule, matan suka koma wani ɗaki suna dariya, na sa rigar. Suka tsayar da ni a kan wani katako, suka ba ni bututun roba a matsayin gora, suka ce in tuƙa. Na yi, na sake yi, amma ni kaina na san ƙarya nake. Babu ruwa a ƙarƙashina, babu nauyin kowa a gabana. Muka ɓata kwanaki haka. Rannan sai Yohanna ya cire takalmi ya hau katakon ya zauna a gaba, ya juya mini baya, yana ɗan karkata shi hagu da dama. Ya fara kwaikwayon muryar ubansa, yana ƙorafin cewa ina jiƙa masa littattafan 'yan makaranta. Ban san lokacin da gwiwata ta lanƙwashe ba. Kafaɗa ta tuna aikinta. Mai kula da na'urar ya leƙo daga bayan allon kwamfutarsa ya ɗaga mini babban yatsa.

Da aka gama ɗaukar, Yohanna ya ce yana da abin da zai nuna mini. Ya ba ni wata babbar waya mai faɗi kamar faranti, ya buɗe wasan. Sai ga jirgina. Ba mai kama da shi ba, shi ɗin, wanda na sassaƙa daga maɗaci tun ban yi aure na biyu na haƙori ba, kamar yadda matata ke kiran haƙoran robana. Ga facin gwangwani a gefen hagu, ga tsagar da dorina ta bar mini a goshinsa a wata shekara mai ruwa. Jirgin gaske ya daɗe da ruɓewa, har an hura wuta da sauransa. A ƙarƙashin mazauni na ga baƙar laima. Laimar Malam Bulus ce.

A cikin jirgin nan na tsallakar da Yohanna da ubansa zuwa makaranta damina bayan damina. A cikinsa kuma na tsallakar da gawar Malam Bulus, domin ya rasu ne ruwa ya datse hanya, motar da za ta kai shi garinsu tana jira a kan titi. Yohanna yana saurayi a lokacin. Ya zauna ya riƙe ƙafafun ubansa har muka isa.

Ya ce a wasan za a yi jirage da yawa, amma wannan shi ne na farko, kuma ɗaya ne tak. Ya sa shi da sunana. Na tambaye shi yadda mutum zai mallaki abin da ba ya taɓuwa. Ya ce in tuna yadda ake sayar da gona a gida, a kira shaidu su tsaya. To a nan shaidun kwamfutoci ne barkatai a ƙasashe da yawa, duk abin da ya sauya hannu suna shaidawa gaba ɗaya, kuma ba mai iya sa su janye shaidarsu. Bulokcen suke kiran abin.

"Baba, ka saurare ni da kyau. In ka ɗora yatsanka ka miƙa wa wani jirgin nan, ya tafi. Ni da na zana shi ma ba zan iya dawo da shi ba."

Na ce na ji. Ana cewa in kunne ya ji jiki ya tsira. Nawa kunnen ya ji, jikin ne bai tsira ba.

Sauran lokacina kafin komawa gida sai suka buɗe wasan don gwaji, mutane suka fara shigowa daga ko'ina. Yohanna yakan fita aiki da safe ya bar ni da farantin nan. Na iya shi fiye da yadda nake zato. Mutum yana farawa ba shi da komai, sai ya kama kifi, ya dasa shinkafa idan ruwa ya janye, ya haɗu da wasu su tare garken shanu daga shiga gona. Abin da ya samu nasa ne, yana iya kai shi kasuwar wasan ya sayar. Ni ban damu da wannan ba. Nakan tsaya a mashigi in ɗebi masu son tsallakawa. Suna ta magana da harsunan da ban sani ba, ni kuma ina amsa musu da Hausa, kowa na jin daɗinsa.

Wata rana da hantsi na ji wata murya ta ce, "Salamu alaikum, Baba, sannu da aiki."

Na kusa yar da wayar. Tun zuwana ban ji Hausa a bakin kowa ba sai Yohanna. Mai muryar ya ce sunansa Sani, daga wajen Jahun, karatu ya kai shi wata ƙasa. Ya tambayi ruwan bana, ya tambayi ko tsuntsayen jan baki sun bar mana shinkafa. Ya san kuɗin fito ba a ƙayyade wa mai jego da mai gawa. Muka yi ta hira kwanaki, har na fara ɗokin fitar Yohanna don in buɗe wasan. Ban gaya wa Yohanna labarinsa ba, ban san dalili ba. Wataƙila na so in sami wani abu nawa ni kaɗai a garin.

Rannan Sani ya ce kayansa suna wani tsibiri, ruwa na hawa, za su nutse. Na ce ya shigo in kai shi. Ya ce kayan da yawa, jirgin ba zai ɗauke mu mu biyu ba, in ba shi aro, kafin azahar zai dawo. Maganar Yohanna ta faɗo mini. Amma a wurinmu ba a hana jirgi. Ko abokin gabarka ne ya zo bakin ruwa da larura, ka nuna masa inda gora take, rigimar ta jira har ya dawo. Ban taɓa hana kowa ba, kuma ban taɓa rasa jirgi ba. Na ce a raina abin da Yohanna ya faɗa na sayarwa ne, wannan kuwa aro ne, kuma Sani ɗan gida ne. Ya nuna mini inda zan taɓa. Na ɗora yatsana.

Azahar ta yi, la'asar ta yi. Mutumina na cikin wasan yana tsaye a mashigi hannu rabbana. Na kira sunan Sani har na gaji.

Ba bayar da jirgin ne ya fi damuna ba har yau. Shirun da na yi ne. Da Yohanna ya dawo ya tambaye ni yaya fito, na ce alhamdu lillahi. Washegari ma haka. Ina gaya wa kaina Sani zai dawo, wataƙila wutar lantarki aka ɗauke musu. Gaskiyar ita ce kunya nake ji. Mutumin da direba ya yi wa wayo ranar farko, ga shi an sake. Na kasa haɗa ido da yaron da na goya.

Na daina buɗe wasan, na koma yawo. Akwai wata gada a kan teku inda maza ke jera suna kamun kifi da ƙugiya. Nakan tsaya kusa da wani tsoho mai farin gashin baki, muna kallon ruwa. Bai san harshena ba, ban san nasa ba. Wata rana ya dube ni ya daɗe, sai ya zuba mini shayi a ɗan ƙaramin kofin gilashi, ya miƙa mini sandar ƙugiyarsa, ya nuna masallaci, ya tafi. Ya bar mini sandar da bokitin kifinsa da jakarsa. Na tsaya riƙe da kayan mutumin da ko sunana bai sani ba, hawaye na zubo mini. Da ya dawo na mayar masa, na kama hanyar wurin aikin Yohanna da ƙafa.

Na same shi a gaban allonsa. Na ce ya fito waje, na gaya masa duka a tsaye a bakin matakala. Bai ɗaga murya ba. Ya tambaye ni yaushe, na faɗa. Ya koma ciki ya duba, ya dawo fuskarsa kamar an shafa mata toka. Ya ce da na faɗa a ranar, da sun sa wa jirgin alama a kasuwar wasan cewa na yaudara ne, ba mai saye, kuma da an matsa wa yaron. Amma jiya aka sayar. Wanda ya saya bai san komai ba, kuma shaidu sun shaida.

Na ce ai zanen yana wurinsa, ya sake yin wani. Ya ce yana iya yin ɗari, amma kowa zai ga ba na farkon ba ne. Na ce to ya ƙwace, ai shi ne mai wasan. Ya ce ba zai iya ba, kuma ko yana iyawa ba zai yi ba. Sun yi wa mutane alkawari cewa abin da ka mallaka naka ne, ko maƙerin wasan ba zai taɓa shi ba. In ya karya don kansa yau, gobe ba mai yarda da su.

"Na sa laimar ne don in riƙa ganinta a hannunka," ya ce.

Kwanakin da suka biyo baya sun fi sanyin garin sanyi. Bai rage mini komai ba. Ya gaishe ni da safe, ya ajiye mini abinci, ya raka ni Juma'a. Amma ya daina tsokanata, ya daina kwaikwayon ubansa. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Sau ɗaya ya ce shi ma yana da laifi, ya girma a bakin mashigi amma ya haɗa wasan da babu aro a cikinsa, sai sayarwa da kyauta. Na ce kar ya rage mini kayana, ni na ɗauka. Na kira matata na gaya mata. Ta ce Malam Bulus ya amince mini da gawarsa, ɗansa ya amince mini da zuciyarsa, in san yadda zan yi kafin in hau jirgin sama.

Na roƙi Yohanna ya nemo mini wanda ya saya, ni zan yi magana. Ya ce ba lallai a amsa ba. Na ce a gwada. Ya aika saƙo ta cikin wasan, muka jira. Sai da aka fara ɗaure mini tsaraba amsa ta zo. Mace ce, ma'aikaciyar jinya a ƙasar Filifin. Na faɗi maganata da Hausa, Yohanna yana juyawa. Na gaya mata ni ne sakaran da ya bayar, na gaya mata jirgin waye, na ce ta faɗi abin da take so, ko gonata ta fadama zan jinginar.

Ta ce ta ji tausayi, amma ba za ta sayar ba. Da guminta ta saya, kuma ta saba da shi. Idan ta taso aiki jikinta duk ya mutu, takan shiga ta tsallakar da sababbin shiga waɗanda ba su da komai, shi ne hutunta. Sannan ta tambayi laimar da ke ƙarƙashin mazauni, ta ce ta yi ta ƙoƙarin buɗe ta ta ƙi. Yohanna ya yi mata dogon bayani wanda bai juya mini ba. Amsarta gajera ce. Ta ce jirgin yana nan a hannunta, ba zai sake shiga kasuwa ba, kuma in muna so mu zo mashigi ranar hutunta ta ɗauke mu.

Da safiyar ranar muka zauna a kan tabarmar sallata, kowa da wayarsa. Mutanenmu biyu suna tsaye a gaɓa. Can sai ga jirgin ya ɓullo daga cikin kacala. Wadda ke tsaye a baya mace ce da faffaɗar malafa, amma lanƙwasar gwiwar tawa ce, sauke kafaɗar tawa ce, har ɗan tsayawar da nakan yi bayan kowace tura don in ji abin da ruwa ke cewa. Duk rayuwata ban taɓa ganin kaina ina tuƙi ba. Ashe kafaɗata ta hagu ta fi ta dama saukowa.

Muka shiga. Ban taɓa zama a tsakiyar jirgin nan ba, ban san inda zan sa hannuwana ba. Ta gaishe mu, muryarta ƙarama, ana jin kukan zakara a bayanta. Ta tura muka tashi. Jikin nawa ne, amma idon nata ne, sai na ga ta nufi hagu inda bado ya yi kauri. Duk ɗan fadama ya san inda bado ya yi kauri akwai taɓo. Na daure, na sake daurewa, na kasa.

"Ke yarinya, dama. Yohanna, gaya mata ta bi dama, za ta kafe mu."

Ya gaya mata. Ta yi wata magana, na ji tana dariya. Na dubi Yohanna, sai na ga ya rufe baki da hannu, kafaɗunsa na rawa. Rabon da in ga haka tun kafin ranar matakala.

"Me ta ce?"

"Cewa ta yi a tambayi tsohon nan, jirgin waye?"

Na dubi facin gwangwanin, na dubi laimar. Yohanna ya matso har kafaɗarsa ta jingina da tawa, yana jiran abin da zai juya.

"Gaya mata nata ne," na ce. "Amma ta bi dama."